Ranar Talata Ake Gane Filin Golf Na Jama'a



Yau za mu yi nisan kiwo kaɗan. Za mu tafi Amurka, jihar New York, wani gandun shaƙatawa na gwamnati da ake kira Bethpage, a tsibirin Long Island. Duk wanda ya isa wurin ajiye motocin wannan gandu da daddare a lokacin zafi, zai tarar da motoci jere a gurabe masu lamba, mutane sun kwantar da kujeru suna barci a ciki. Ba layin man fetur suke ba. Layin wasan golf suke, wasan da wasu gidajen rediyonmu ke kira ƙwallon lambu. Da asuba ma'aikaci zai fito ya bi motocin lamba-lamba yana raba tikiti, wanda ya riga zuwa shi zai riga zaɓar lokacin da zai buga. Ba a tambayar mutum ko lauya ne ko direban bas. Lambar gurbin motarsa ita ce matsayinsa.

Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada. Wasan masu kuɗi ne, a ƙasar da ba tamu ba. To, abin da ya ja hankalinmu shi ne mamallakin filin. Na gwamnatin jiha ne, wato na jama'a, kuma duk da haka yana cikin filayen da duniyar golf ke girmamawa. Wannan ya ci karo da abin da da yawanmu muka taso muka tarar ana faɗa, cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, don haka lalacewa ce makomarsu. Ra'ayinmu a wannan rubutu guda ɗaya ne: filin jama'a ba a auna shi da ranar da kyamarorin talabijin suka zo. Ana auna shi da wata Talata da babu gasa, babu manyan baƙi, sai mutumin da ya biya kuɗinsa daga albashinsa. Wane fili ya tarar, yaya aka karɓe shi, nawa aka caje shi? Waɗannan uku su ne ma'aunin.

Ga wanda bai saba da wasan ba, bayaninsa ba wuya. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ɗan wasa yana farawa daga wurin bugun farko, ya bi wani dogon titi na gajeriyar ciyawa, yana kauce wa duhuwar ciyawa da kwarin yashi da ruwa, har ya kai ƙwallonsa wani shimfiɗaɗɗen dandali mai laushi inda ramin yake. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne kacal. Doka ta yarda masa da sanduna 14 a jaka. Wanda ya gama ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Mutum huɗu in suka fita tare, sukan shafe awa huɗu ko fiye. Kenan wanda ya biya kuɗin wasa ya sayi rabin yini ne na rayuwarsa, shi ya sa yake da haƙƙin ya yi magana in aka ɓata masa shi.

Filayen kuma iri-iri ne, kuma nan ne mutane kan ruɗe. Akwai na ƙungiya, wanda sai ɗan ƙungiya ko baƙonsa ke shiga. Akwai na 'yan kasuwa da ke buɗe ga duk mai iya biya, kamar Pebble Beach a jihar Kalifoniya, inda kuɗin wasa ɗaya ya haura dala 600. Shi ma ana ce masa na kowa, amma kowan da ke da wannan kuɗi. Sai kuma wanda hukumar gari ko ta jiha ta mallaka. Irin wannan ya daɗe a Amurka: filin Van Cortlandt da ke unguwar Bronx an buɗe shi tun 1895. Wannan kashi na uku shi muke nufi in mun ce filin jama'a, domin mutumin da ke biyan kuɗin shiga shi ne kuma mai biyan harajin da aka mallaki wurin da shi. Abokin ciniki ne, kuma mai gida ne a lokaci guda.

Bethpage ɗan zamanin wahala ne. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnati ta ƙirƙiri ayyuka don marasa aikin yi su samu abin kai wa baka. Da irin waɗannan ma'aikata aka gina yawancin filayen gandun, ƙarƙashin hukumar da Robert Moses ke jagoranta, tare da shahararren mai tsara filayen golf A. W. Tillinghast. A yau filaye biyar ne a wuri ɗaya, kowanne da sunan launi: Baƙi, Ja, Shuɗi, Kore da Rawaya. Baƙin, wanda aka sani da Bethpage Black, an buɗe shi a 1936, kuma shi ne mai wuyar. A bakin ramin farko ma akwai allon gargaɗi da ke shaida wa mutum cewa filin yana da matuƙar wahala, gwanaye kaɗai ake ba shawarar su shiga. Babu 'yar motar hawa a cikinsa, da ƙafa ake takawa, ga tuddai.

Amma kada a ɗauka haka yake fes tun farko har yau. Zuwa shekarun 1990 Baƙin Filin ya ji jiki. Kwarurrukan yashi sun zaizaye, wasu ciyawa ta cinye su, wuraren bugun farko sun zama ƙasa tsirara. Ƙashin bayan filin yana nan da kyansa, kulawa ce ta yi ƙaranci. Sai David Fay, babban daraktan hukumar golf ta Amurka a lokacin, ya dage cewa a kawo babbar gasar ƙasar, wato US Open, wannan fili na gwamnati. Hukumar ta zuba kusan dala miliyan 3, aka rufe filin a 1997, Rees Jones ya jagoranci gyaran. A 2002 aka yi gasar, karon farko a filin da gwamnati ta mallaka take kuma gudanarwa. Tiger Woods ya lashe ta, kuma shi kaɗai ya gama da ƙasa da adadin bugun da aka ƙayyade wa filin. Bayan an naɗe tabarmar gasar, mazaunin jihar ya koma yana buga wannan fili da abin da bai kai dala 40 ba. Gasar ta dawo a 2009, wata babbar kuma ta zo a 2019.

Abin lura a wannan labari shi ne ba yawan talakawan da ke wasa ne ya lalata filin ba, kamar yadda masu son katange wurare kan so a yarda. Mutanen da ke buga shi kafin gyara su ne dai masu buga shi bayan gyara. Abin da ya canja shi ne an sa kuɗi, an sa ƙwararru, an kuma sa ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kasuwa maganar tana nan daram. Amma a kan kayan jama'a mun ga an mayar da ita mafaka: a yi sakaci, in an yi ƙorafi a ce ai nawa ka biya. Bethpage ya nuna cewa araha da ado suna iya zama gida ɗaya in mai riƙe da amanar ya ga dama.

To mu ɗauki ma'aunin farko, yanayin fili. Zuciyar kowane fili ita ce dandalin rami. Ciyawarsa ana aske ta har ta koma kimanin milimita 3, kusan kullum da sassafe kafin ɗan wasa na farko ya iso. Tsiro da aka yi wa irin wannan aski kullum cikin wahala yake, ga ƙafafu ɗaruruwa suna taka shi. Filayen Bethpage biyar suna ɗaukar wasa kusan dubu 300 a shekara, nauyin da filin ƙungiya ba ya ko kusantarsa. Shi ya sa ake sauya wa ramin wuri a kai a kai, don kada takun ya taru a gefe guda. Shi ya sa kuma ake hutar da Baƙin Filin ranar Litinin. Akwai ma wani ɗan ƙarfe mai kwari a tsakiya da ake gangaro da ƙwallo daga kansa a auna nisan da za ta yi, a gane santsin dandalin. Sai dai ga mai wasan Talata, gudun ƙwallo ba shi ne abin nema ba. Abin da yake so shi ne daidaito: dandali na uku ya yi kama da na goma sha biyar, yashin kwari ya zama yashi ba busasshen laka ba, ruwan sama in ya sauka ya samu hanyar wucewa.

A nan akwai wani abu da ke yawan haɗa masu fili da masu wasa faɗa. Sau ɗaya ko biyu a shekara dole a bi dandalin da inji a huda shi, a zare ƙananan curin ƙasa, a cika ƙofofin da yashi, don iska da ruwa su kai ga saiwa. In ba a yi ba ƙasar za ta daskare, ciyawar ta mutu. Zuba yashi a kan dandali tsohuwar dabara ce da ake danganta yaɗuwarta da Old Tom Morris, wanda ya kula da filin St Andrews na ƙasar Sikotlan shekaru kusan 40. Amma mako biyu ko uku bayan hudawar, ƙwallo tsalle take yi kamar a kan tsakuwa. Laifi ba a hudawar yake ba. Laifin shi ne a karɓi cikakken kuɗin mutum ba a gaya masa ba, sai ya isa dandalin farko ya gani da idonsa. Filin da ya san mutuncin masu shi zai sanar tun wajen ajiye lokaci, ya kuma rage farashi na waɗannan makonni. Wannan ba alfarma ba ce, gaskiyar ciniki ce.

Su ma masu wasa akwai gyara a wurinsu kan abin da suke kira kyau. Duk watan Afrilu duniya tana kallon gasar Masters a filin Augusta, kore shar kamar an shafa masa fenti, sai kowa ya koma gida yana raina filin garinsu. An manta cewa Augusta na ƙungiya ne mai ƙoshin kuɗi, mutanen da ke taka shi kaɗan ne, kuma a rufe yake duk tsawon watannin zafi. A 2006 an yi gasar Open ta Birtaniya a Hoylake cikin fari, titunan ciyawar sun ƙone sun koma ruwan ƙasa, kuma Tiger Woods ya ci gasar a wasan da har yau ake yabawa. Ba wanda ya ce filin ya lalace. Mu ma nan gida mun san wannan: filaye da dama a ƙasashenmu, tun zamanin Turawa, dandalin raminsu yashi ne da aka cakuɗa da mai ake sharewa, saboda ruwan da zai riƙe ciyawa a rani ya fi ƙarfin wurin. Irin wannan dandali in an share shi da kyau ya fi ciyawar da aka shuka aka kasa shayarwa. Filin jama'a da zai kwashe ruwan gari don ya yi kama da na talabijin, bai yi wa masu shi adalci ba.

Ma'auni na biyu shi ne hidima. Mutane kan ɗauka murmushin mai karɓar kuɗi ake nufi. Murmushi yana da daɗi, amma babbar hidima a filin golf ita ce kiyaye lokacin mutane. Ana sallamar 'yan wasa ne rukuni-rukuni, hurhuɗu, da tazarar 'yan mintuna. In aka ba da tazarar minti 10, mutum 24 ke fita a awa. In hukuma ta yi kwaɗayi ta rage zuwa minti 7, za ta ƙara kuɗin shiga, amma kafin rana ta take an yi cunkoso a ramin da ya fi wuya, rukuni uku suna tsaye suna jiran juna, wasan awa huɗu ya koma na awa shida. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In an karɓi kuɗin mutum, to a sa mai zagaye da zai iya cewa masu jan ƙafa su matsa, ko da kuwa abokan shugaban wurin ne. A tanadi ruwan sha a hanya, a buɗe banɗaki mai tsafta, a ajiye manjagara a kowane kwarin yashi. Ƙananan abubuwa ne, amma da su mutum ke gane ko an ɗauke shi mai gida ko mai roƙo.

Sai dai mafi girman gwajin hidima shi ne yadda ake raba lokutan wasa. Fili mai kyau kuma mai araha dole masu nema su fi gurabe yawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka koma ajiye lokaci ta intanet, sai ga masu manhajojin da ke wawure gurabe cikin daƙiƙu, tun kafin ɗan Adam ya gama latsa waya. A 2024 abin ya fito fili a birnin Los Angeles, inda aka gano 'yan cuwa-cuwa suna kame lokutan filayen hukumar birni suna sayarwa da ƙarin kuɗi, har hukumar ta sa kuɗin kafin alƙalami da ba a mayarwa ga duk wanda ya ajiye lokaci. Masu wasa a Bethpage ma sun daɗe suna irin wannan kuka. Idan aka bari haka, arahar ta zama ta ƙarya: gwamnati ta rage farashi don talaka, ɗan cuwa-cuwa ya kwashe ragin ya sa a aljihu. Wasu za su ce mafita ita ce a ɗaga farashi har layin ya ragu. Mu ba mu yarda ba. Wannan korar mai gida ne daga gidansa don a huta da gadi. Mafita ita ce a duba katin shaida a bakin fili, a hukunta mai ajiye lokaci ya ƙi zuwa, a kuma ci gaba da ware gurabe ga masu zuwa da ƙafarsu. Kwanan mota yana da wahala, amma aƙalla barcin kowa dare ɗaya ne.

Mutanen St Andrews suna da tasu dabarar. Tsohon filin garin, wanda ake ɗauka a matsayin mahaifar golf, shi ma ƙasar jama'a ce. Tun 1552 akwai takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin yin wasa a wannan fili na bakin teku, kuma a can ne a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta ɗauka. Tun 1974 wata hukumar amintattu da dokar majalisa ta kafa ce ke kula da shi. Kaso mai yawa na lokutan wasa ƙuri'a ake jefawa a kansu: mutum ya ba da suna kwana biyu kafin ranar, in ta faɗo kansa ya buga. Ƙuri'a ba ta san ɗan sarki ba. Ba mu ce tsarin ba shi da naƙasu ba, domin akwai kamfanonin yawon buɗe ido da ke sayar da tabbataccen lokaci da tsada. Amma ƙofar talaka ba a toshe ta ba.

Ma'auni na uku shi ne farashi, ko mu ce ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A Baƙin Filin Bethpage, mazaunin jihar New York yana biyan ƙasa da dala 100, wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa kuma ya biya ninki biyu. A St Andrews baƙo a lokacin zafi yana biyan fiye da fam 300 na wasa ɗaya, mazauna garin kuwa suna da tikitin shekara mai rahusa sosai. Akwai baƙin da ke ganin wannan wariya ce. Mu muna ganin daidai ne. Mazaunin wuri ya riga ya biya wani kaso ta hanyar haraji, shi ke jure cunkoson gasa, shi kuma zai gaji filin in sunansa ya dusashe baƙi suka daina zuwa. Kuɗin baƙo ya taimaka wajen riƙe ciyawa, ɗan gari ya samu sauƙi. Inda matsala take shi ne a wayi gari hukuma ta ɗanɗana kuɗin baƙi, ta fara ba su lokutan safe masu daɗi, ta tura 'yan gari tsakar rana. Daga ranar filin ya zama otal, sunan jama'a kawai ya rage a allo.

Yanzu bari mu saurari masu suka, don suna da hujja mai nauyi. Cikakken fili yana cin ƙasa kimanin hekta 60. Da tazarar minti 10, a yini mai awa 10, mutum 240 ne za su buga. Ƙasa mai wannan girma in an mai da ita lambun shaƙatawa ko filayen ƙwallon ƙafa ko gidaje, dubbai za su amfana. Ga ruwa, ga taki, ga maganin ƙwari. Me zai sa mai gadi da ba ya da ko sanda ɗaya ya ɗauki nauyin nishaɗin wasu? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma akwai garuruwan da amsarta ita ce a rufe filin. Filin da ba ya iya riƙe kansa, ba ya koyar da yara, ba ya barin kowa ya shiga sai mai jakar sanduna, ba shi da bakin kare kansa. Amma wannan suka ba ta rusa filin jama'a ba, sharaɗi ta gindaya masa. Dole ya nuna cewa na jama'a ne a aikace: rahusa ga yara da tsofaffi, sandunan haya ga mai koyo, fili mai sauƙi a gefen mai wuya. Bethpage yana da wannan, domin bayan Baƙin akwai huɗu da suka fi shi sauƙi da araha, ga hanyoyin keke, ga wuraren zaman iyali, har da filin folo.

St Andrews sun je gaba da haka. Ranar Lahadi ba a buga golf a tsohon filin, in ba wata gasa ta musamman ba. Ciyawa ta huta, mutanen gari su fito da 'ya'yansu da karnukansu su yi yawo a kan ƙasar da attajirai ke tsallako teku don su taka. Kuɗin da ake asara a wannan yini ba kaɗan ba ne, amma shi ne ke tuna wa kowa wane ne mai wurin. Kuma kalmar jama'a ɗin nan ba kyauta aka same ta ba. A kudancin Amurka baƙaƙen fata sun shekara da shekaru suna biyan haraji ana hana su filayen hukuma. Sai da Alfred Holmes da mahaifinsa da ɗan'uwansa suka kai birnin Atlanta ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1955, sannan aka buɗe ƙofa. Ƙofar da aka buɗe da shari'a, abin kunya ne a zo a sake rufe ta da farashi.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a watan Satumba na 2025 ya tsaya wa mutane da yawa a rai. An kawo gasar Ryder Cup, karawar Amurka da Turai, Baƙin Filin Bethpage. An yi ta tallata shi da cewa filin talakawa ne, amma tikitin shiga kallo na yini ɗaya a ranakun gasar ya kai dala 750. Masu shirya gasar ne suka sa farashin, ba hukumar gandun ba, amma a kan ƙasar jama'a aka yi. Mutumin da ke kwana a mota don ya buga da ƙasa da dala 100, an rufe masa filin makonni kafin gasar, sannan kallo ma ya fi ƙarfin aljihunsa. Turai ta ci da maki 15 da 13, aka kuma yi ta maganar rashin ɗa'ar wasu 'yan kallo. Ba mu ce kada a kawo manyan gasa ba, ai gasa ce ta ceto filin a farko. Abin da muke cewa shi ne duk hukumar da za ta ba da aron kayan jama'a, ta rubuta rabon jama'a a cikin yarjejeniya: kaso na tikiti mai sauƙi ga 'yan jiha, da alƙawarin kuɗin da aka samu zai koma cikin ciyawar, ba na Baƙin kaɗai ba, har da sauran huɗun da ba a nunawa a talabijin.

Ba za mu rufe ba sai mun juyo kan mai wasan kansa, tunda mun ce shi ne mai gida. Ƙwallo in ta faɗo daga sama takan lotsa dandali. Gyaran wannan lotsawa aikin daƙiƙa kaɗan ne da ɗan ƙarfe mai baki biyu, in an yi nan take wurin ya warke da wuri, in an bari ya zama tabo na makonni. Wanda ya shiga kwarin yashi ya ja manjagara ya share sawunsa. Wanda sandarsa ta ɓantaro ciyawa ya mayar ko ya zuba yashi. Ma'aikata goma ba za su iya bin bayan mutum 240 ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da zai bar sawunsa a yashi, sannan ya koma gida yana zagin gwamnati kan lalacewar fili, ya zagi kansa ne bai sani ba.

Saboda haka in an ce mana ga filin jama'a mai kyau, ba za mu tambayi wane gwani ne ya taɓa cin kofi a wurin ba. Za mu tambayi abin da ya faru ranar Talatar da ta wuce. An gaya wa mutane gaskiyar halin da ciyawar take ciki kafin su biya? Wanda ya zo da wuri shi ya fara, ko wanda ya san wani? Malamin makaranta zai iya biya ya dawo wata mai zuwa ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba? In amsoshin nan uku sun yi daɗi, ko ciyawar ta ƙone ta koma ruwan ƙasa, filin yana raye. In ba su yi ba, duk korensa na wasu ne.

Wanda ke da wani ra'ayi daban, musamman kan batun ƙasa da ruwa, muna son mu ji hujjarsa.